Yadda ake shirya wa yaro waya kafin a damƙa masa ita

A ƙarshen hutun makaranta da ya wuce, ƙanwata ta turo mini ɗanta mai shekara 14 daga Ɗorayi da wayar da mahaifinsa ya saya masa mako uku kacal kafin nan. Bayan mun gaisa ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce, "Kawu, Umma ta ce don Allah ka duba mana, data ba ta kwana a cikinta, kuma WhatsApp ɗina ya fita ya ƙi komawa." Da na buɗe sai na tarar da burauza uku, da manhajar VPN (mai karkatar da hanyar shiga intanet ta wata ƙasa) biyu, da sanarwar wasu shafuka da ke ta faɗowa suna cewa wayar ta kamu da cuta. Batun WhatsApp kuwa, wani ne ya kira shi ya ce daga zauren ɗaliban makarantarsu yake, wai za a yi darasi ta intanet, don haka ya karanto masa lambobi shida da aka turo masa, shi kuma ya karanto. Duk abin da na shafe yammacin nan ina gyarawa, da tun ranar farko aka yi shi, da bai ci awa biyu ba. Ga tsarin da nake bi, kuma jerin yana da muhimmanci, domin kowane mataki a kan na bayansa yake tsayawa. Bayanin na wayoyin Android ne, tun da su suka fi yawa a hannun jama'a. Sunayen wurare sukan ɗan bambanta tsakanin Tecno da Infinix da Samsung, saboda haka idan ba ka ga abu ba, ka rubuta sunansa a gurbin bincike da ke saman saitin wayar.

Mataki na farko: tun a kasuwa

Ko a Farm Centre ka saya ko a titin Beirut, kada ka bar shagon sai ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan a rubuta ta a rasit. Idan wayar ta hannu ce, ka sa mai sayarwa ya cire asusun Google na tsohon mai ita a gabanka, sannan a goge komai a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan aka goge ba a cire asusun ba, wayar za ta iya tsayawa tana neman imel ɗin mai ita na da, ka koma kana biyan kuɗin buɗewa, kuma wayar da mai sayarwa ya kasa cire asusunta abar tuhuma ce.

Mataki na biyu: layi da imel

Nan ne aka fi yin sakaci, alhali nan ne gindin komai, domin duk wanda ke riƙe da layi da imel shi ne ainihin mai Facebook da WhatsApp da asusun gem, ko da wayar tana aljihun wani. Layin ya kasance wanda aka yi wa rajista da sunanka da lambarka ta NIN, yadda idan ya ɓace kai za ka je ofishin kamfanin a dawo maka da shi. Kada ka karɓi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wanda ba ka sani ba, komai arharsa. Daga nan ka sa wa sim ɗin lambar sirri a sashen tsaro na saiti, don ko an sace wayar an zare shi an sa a wata ba zai yi aiki ba. Ka yi hattara a nan: kuskure uku yana kulle shi sai da lambar PUK, wadda ke rubuce a jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi gaba ɗaya. Ka adana wannan kati. Sannan ka aika kalmar STOP zuwa 2442, lambar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ware don dakatar da saƙonnin talla.

Imel kuwa, kada ka bari yaron shago ya buɗe. Abin da aka saba shi ne ya buɗe cikin gaggawa, ya sa lambar wayar a matsayin kalmar sirri, ya zaɓi shekarar haihuwa da ka, bayan wata biyu babu wanda ya tuna ko sunan imel ɗin. Ka zauna a gida ka buɗe da kanka, ka sa lambarka a matsayin lambar dawo da asusu, ka haɗa kalmar sirri mai tsawo da kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna tare da wasu lambobi, ka rubuta ta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

Ka sa ranar haihuwar yaron ta gaskiya. Iyaye da yawa sukan ƙara shekaru don "kada a hana shi wani abu", ba su san cewa kusan duk kariyar da kamfanonin nan suka tanadar wa yara da wannan rana take aiki ba. Idan ka ce shekararsa 25, za a ɗauke shi a matsayin babba a nuna masa abin da ake nuna wa babba. Idan bai kai 13 ba, Google zai nemi a buɗe asusun ta manhajar Family Link, wadda za ka sauke a taka wayar ka haɗa da tasa. Daga nan babu manhajar da za ta sauka sai ka amince, kana iya ƙayyade awoyin amfani a rana, ka sa lokacin da wayar za ta kulle da dare. Idan ya haura 13 ma ana iya haɗawa, amma sai ya amince daga tasa wayar, kuma a ganina hakan ya fi, domin abin da aka yi da saninsa ya fi daɗewa fiye da wanda aka yi masa a ɓoye.

Mataki na uku: toshe inda data ke zurarewa

Wannan ba ya ɗaukar minti goma. A saitin waya ka kunna "Data Saver", ka sa iyakar da wayar za ta yi gargaɗi idan an kai. A Play Store ka taɓa hoton asusu, ka shiga saiti, ka mayar da sabunta manhajoji ya zama sai da Wi-Fi kawai. A WhatsApp ka shiga "Storage and data" ka cire alamar da ke kan hotuna da bidiyo da sauti, don kada duk abin da aka watsa a zauren dangi ya sauka da kansa. Tun 2023 kamfanonin layi suka koma lambobi iri ɗaya, saboda haka ko MTN ne ko Airtel ko Glo, *323# ke nuna ragowar data, *312# kuma na saye ne. Ka koya wa yaron su.

Mataki na huɗu: burauza

Ɗaya ta isa. Yawancin wayoyi suna zuwa da Chrome, wayoyin Tecno da Infinix da itel kuma sukan zo da wata ƙari kamar Phoenix, sannan abokai su tura masa Opera Mini. Kowacce da halinta. Opera Mini tana bi da shafi ta kwamfutocin kamfaninta ta matse shi kafin ya iso, shi ya sa take cin data kaɗan kuma take buɗewa ko sabis ya yi rauni, sai dai shafinta na farko cike yake da labarai da tallace-tallace, kuma wasu shafukan cike fom ba sa tafiya daidai idan matsewar ta yi yawa. Chrome ta cire nata tsarin rage data tun 2022, amma ita ce ke aiki hannu da hannu da Family Link, don haka ga yaro ita nake zaɓa. Firefox ta fi dacewa da babba mai son toshe tallace-tallace. Wadda ka zaɓa ka mayar da ita ta dindindin a "Default apps", sauran ka goge, wadda ta ƙi goguwa ka dakatar da ita ta hanyar danna "Disable".

A cikin Chrome ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka shiga saiti. A "Privacy and security" ka buɗe "Safe Browsing" ka zaɓi kariya mafi ƙarfi. A "Site settings" ka kashe "Notifications" da "Pop-ups and redirects". Wannan na sanarwa shi ne ya addabi ɗan ƙanwata: shafin sauke waƙa ko na kallon ƙwallo kyauta zai ce ka danna "Allow" don ci gaba, kana dannawa ka ba shi izinin turo maka saƙo dare da rana, har da na ƙaryar cewa waya ta kamu da cuta da hotunan da ba su dace ba. Sannan a saitin binciken Google ka kunna SafeSearch, mai tace abubuwan batsa daga sakamakon bincike.

Abin da saiti ba zai yi ba shi ne karanta adireshi, wannan sai an koya. Ka zaunar da yaron ka nuna masa cewa shafin hukumar gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, na jami'a da .edu.ng, kamar jamb.gov.ng da buk.edu.ng, kuma abin dubawa shi ne sunan da ke daf da ƙarshen adireshin kafin layin karkace na farko, ba kalmar da aka manna a farko ba. Alamar kwaɗo da ake gani a da kusa da adireshi ba shaidar amana ba ce, tana nufin dai hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, kuma ɗan damfara ma yana iya samunta. Saboda wannan rashin fahimta ne Chrome ta sauya alamar a 2023. Duk mahaɗin da ya ce ana raba data kyauta ko tallafin kuɗi da sharaɗin a tura wa zaure biyar, a share shi. Haka nan ka faɗa masa cewa "Incognito" yana hana wayar adana tarihin bincike ne kawai, ba ya ɓoye mutum daga shafin da ya shiga ko kamfanin layinsa.

Manhajojin VPN na kyauta kuma a goge su. Sun yaɗu ne a nan lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, tun daga nan suka zauna a wayoyi, yara kuma na gadonsu da sunan "burauzin kyauta". Duk abin da ka yi a intanet ta hannun mai manhajar yake bi, kai kuwa ba ka san ko wane ne ba.

Mataki na biyar: kafofin sada zumunta

Ka fara da WhatsApp, domin shi ne dangi da malaman makaranta da na Islamiyya ke amfani da shi, kuma shi aka fi ƙwacewa. A saiti ka shiga "Account", ka kunna "Two-step verification", ka zaɓi lambobi shida da ba ranar haihuwa ba, ka sa imel ɗin da ka buɗe. Da wannan, ko wani ya yaudari yaron ya karɓi lambar da ke zuwa ta saƙo, zai tarar da ƙofa ta biyu a rufe. A "Privacy" ka mayar da hoton fuska da shigarwa zaure su zama na waɗanda ke cikin lambobinsa kawai, ka kunna rufe bakin kiran baƙuwar lamba. Ka duba "Linked devices" ka tabbatar babu wata na'ura a haɗe. Sannan ka sa ya maimaita maka da bakinsa cewa lambar da ta shigo ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce shi malaminsu ne ko ma'aikacin kamfanin layi.

Facebook da Instagram da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. Shawarata ita ce kada a buɗe su duka a lokaci guda. A fara da ɗaya, a ga kamun ludayinsa na wasu watanni. A Facebook ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka taƙaita masu ganin rubutunsa zuwa abokai, ka ɓoye lambar waya. Idan wayar ƙarama ce, Facebook Lite ya fi sauƙin nauyi da data. TikTok shi ya fi cin lokaci da data, amma yana da "Family Pairing", inda za ka buɗe naka asusun, ka haska alamar QR da wayar yaron, daga nan kana iya sa iyakar lokaci da taƙaita saƙonni daga taka wayar. Asusun wanda bai kai 16 ba a rufe yake tun farko kuma ba ya karɓar saƙon sirri, wanda bai kai 18 ba kuma tun 2023 ana tsayar da shi bayan minti 60 a rana sai an sa lamba. Instagram ma ya fito da asusun matasa a 2024 mai irin wannan tsari. Duk wannan sai idan ranar haihuwar gaskiya aka sa.

Akwai magana biyu da ya kamata a yi baki da baki. Ta farko, abin da aka wallafa ya fita daga hannu ke nan, ko an goge wani ya riga ya ɗauki hotonsa, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, sannan kotuna a nan Kano sun sha hukunta matasa kan bidiyon da suka ɗora. Ta biyu ta fi nauyi, musamman ga 'ya'ya mata: idan wani ya nemi hoto, ko ya yi barazanar yaɗa wani abu sai an ba shi kuɗi, a zo a faɗa. Ka yi alkawarin cewa wanda ya kawo irin wannan ƙara ba za a ƙwace masa waya ko a dake shi ba, kuma ka cika, domin tsoron faɗan gida shi ne jarin mai barazanar.

Mataki na shida: gem

Hana gem gaba ɗaya ba ya aiki, yaron zai koma gidan gem na unguwa ko wayar aboki, inda ba ka ganin komai. Gara ka san abin da yake bugawa. Ka fara raba su gida biyu. Akwai waɗanda ake bugawa ba tare da data ba, kamar Subway Surfers da wasu sassan Dream League Soccer, matsalarsu talla ce kawai. Akwai kuma na kan intanet da ake haɗuwa da baƙi, kamar Free Fire na kamfanin Garena da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty Mobile na 2019, da eFootball na Konami, wanda har yanzu yara ke kira PES ko da yake an sauya sunan tun 2021. A Play Store kowane gem yana ɗauke da alamar shekaru, daga 3+ zuwa 18+. Ka shiga saiti, sashen "Family", ka kunna "Parental controls", ka sa lambar da kai kaɗai ka sani, ka zaɓi iyakar da ta dace da shekarunsa.

Daga Play Store kawai za a sauke. Gem ɗin da ake turawa ta Xender ko a wurin masu turi, wanda aka ce an "buɗe" shi yana da kuɗi marasa ƙarewa, wani ne ya farke shi ya sake ɗinkewa, kuma babu wanda ya san abin da ya cusa a ciki. Ko bai saci komai ba, kamfanin gem ɗin yana iya rufe asusun yaron idan ya gano. Ka nemo "Install unknown apps" a saiti ka hana kowace manhaja wannan izini, ka tabbatar Play Protect, mai binciken manhajoji masu cutarwa a Play Store, a kunne yake.

Sai batun kuɗi. Waɗannan gem kyauta ake sauke su, amma cinikinsu a ciki yake, da kuɗin cikin gem: lu'ulu'u a Free Fire, UC a PUBG, CP a Call of Duty, Robux a Roblox, ana sayen riga da bindiga da 'yan wasa. Kada ka taɓa adana katin bankinka a wayar yaro, kuma a saitin Play Store ka sa a riƙa neman kalmar sirri a kowace sayayya. Idan ka ga dama ka saya masa wani abu a matsayin tukwicin ƙoƙari a makaranta, ka saya da hannunka. Duk shafin da ya yi alkawarin lu'ulu'u kyauta idan an sa imel da kalmar sirri, asusun yake nema. Shi ya sa yake da kyau a ɗaure asusun gem da imel ɗin da ke hannunka maimakon a bar shi a matsayin baƙo, wanda ke ɓacewa da zarar waya ta lalace. Ka kuma shiga saitin sauti na gem ɗin ka mayar da hira ta zama tsakanin abokan da ya sani kawai, ko ka kashe ta. Manhajojin caca masu ƙwallon kwamfuta, da wasu ke kira gem, ba gem ba ne, caca ce, kuma ba su da gurbi a wayar.

Wajen ƙayyade lokaci akwai abin da iyaye ba su cika sani ba: gem na kan intanet ba a dakatar da shi a tsakiya. Idan ka ce "ajiye yanzu" alhali yana cikin zagaye tare da abokai uku, ya bar su a fili ke nan, kuma wani gem ɗin yana rage masa maki saboda haka, daga nan rigima ke tashi. Zagayen Free Fire bai cika wuce kwata na awa ba, na PUBG kuwa yana iya kai rabin awa. Saboda haka ku yi yarjejeniya da adadin zagaye, ku kuma amince cewa ba a fara sabo idan an kusa kiran salla ko lokacin Islamiyya. Idan ba ka haɗa Family Link ba, "Digital Wellbeing" da ke cikin saiti yana sa wa kowace manhaja agogo. Da dare wayar ta kwana a falo ko ɗakin iyaye. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, kada a buga gem waya tana caji, domin zafi biyun ke kumbura batir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtukanta a 2019, amma abin da take nufi shi ne wanda gem ya fi ƙarfinsa har karatu da barci da mu'amala suka lalace na tsawon lokaci, ba yaron da ke buga ƙwallo awa ɗaya bayan la'asar ba.

Bayan an damƙa masa

Sau ɗaya a wata ku zauna tare, wayar tana hannunsa kana gefe, ku duba abu huɗu: jerin manhajojin da suka fi cin data, sababbin manhajojin da suka shigo, "Linked devices" na WhatsApp, da shafukan da suka samu izinin sanarwa a burauza. Idan kuma an riga an ƙwace WhatsApp kamar na ɗan ƙanwata, a sake shigar da lambar a wayar, a sa sabuwar lambar da za ta zo ta saƙo, wannan zai fitar da ɓarawon nan take. Idan ya riga ya sa tasa lambar ta mataki biyu, sai an jira kwana bakwai kafin a iya shiga ba tare da ita ba, kuma a cikin kwanakin a sanar da dangi da zaurukan da yaron ke ciki cewa duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunansa ba daga gare shi ba ne. Namu haka ya kasance. A rana ta takwas yaron ya dawo da wayar, muka shiga, muka sa sabuwar lamba, na rubuta ta a littafin da ke ɗauke da imel ɗinsa, na ba shi ya kai wa Ummansa ta ajiye.